Kududdufin Bayan Gidan Hadiza

Tun ranar da na dawo ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mani sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "Malama Binta, ya ƙasar take?" In ce lafiya lau, ta ce a'a, labari take so. Talatu ta tambaye ni har sau uku ko da gaske ne sanyin can na cire kunne. Hajiya Rabi kuwa ba abin da ya dame ta sai ko na ga ƙanƙara na zubowa daga sama. To yau ga ku duka a tsakar gidana, zan faɗa sau ɗaya in huta. In na gama kuma ina da roƙo wurinku, kada wadda ta ce mani ta bar tukunya a wuta.

Kun san Hadiza, autata, wadda ke aure a Kanada. Haihuwarta ta fari ban je ba, takardar tafiya ba ta fito ba, sai a waya na riƙa ganin jikar. Wannan karon likita ya ce sai an yi mata aiki, shi ne mijinta Kabiru ya dage sai na zo. Na je Abuja na dangwala yatsuna goma a wani gilashi, aka ɗauke ni hoto aka ce kada in yi murmushi. Na ce yaro, wanda ya taso daga Kankia tun asuba a motar haya, ina ya ga murmushi?

Da takarda ta fito na je garinmu Ƙofa yi wa Yaya Sale bankwana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke da ko Legas ba ki taɓa takawa ba, za ki shiga jirgi ke kaɗai?" Na ce Yaya, shekara talatin ina tsare da yara saba'in a aji ɗaya a Kafin Soli, jirgi ne zai gagare ni? A hanyar dawowa na biya Mawashi wurin aminiyata Dije mai nono. Ta cika mani roba da man shanu soyayye, ta ce in kai wa mai jego, kada in bari ta ci man Turawa. Na haɗa da kilishi, daddawa, kuka, kuɓewa busassa, kanwa da garin kunu. Jakar kayan sawata ba ta kai rabin ta cimaka ba.

Ranar tafiya tayar motarmu ta fashe tsakanin Tsanyawa da Bichi. Direba ya fito da safaya, ita ma ba iska. Na tsaya bakin titi da jakunkunana ina ɗaga wa motoci hannu, har wani bawan Allah mai ɗauke da buhunan barkono ya tsaya. Haka na shiga Kano ina atishawa, idona jajir, mutanen filin jirgi na yi mani sannu, sun zaci kukan rabuwa nake.

Jirgi kam ba wani abu ba ne, zaman ne ke kashe gwiwa. Sau ɗaya muka sauka a wata ƙasa muka canza wani. Can na haɗu da matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya ina karanta mata duk abin da ya zo bakina, mutane na kauce mani, sai wata Bayarabiya mai ƙaton ɗankwali ta riƙe mani hannu ta ce da Hausar Sabon Gari, "Mama, taka kawai, ba ya cizo." Ita ta zama 'yar rakiyata har Kanada. Abincin jirgi na buɗe na rufe, wata shinkafa ce fara sol da ganye ɗanye a gefe. Ƙuli-ƙulin da na ƙulle a haɓar mayafi shi ya riƙe mu, ni da ita.

A bakin shiga ƙasar ne aka yi mani wulaƙancin da ba zan manta ba, kuma kare ne ya yi shi. Ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci. Ya wuce jakar kowa, ya zo tawa ya zauna ya kafe ni da ido. Wani jami'i ya ce in buɗe. Turancin da na koyar shekara da shekaru na iske ba shi ake yi can ba, da hanci suke magana, sai da ya maimaita sau uku. Ya ɗaga kilishi ya ce nama ba ya shiga. Ya ɗaga man shanun Dije ya ce shi ma haka. Na ce mashi na mai jego ne, ya ce ya yi mani murna, ya jefa a kwando. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa sai ya ja da baya ya kira wani, wannan ma ya kira wata. Suka taru a kanta suna shawara. Na ce wake ne, na miya. Ƙarshe suka maido mani, ina jin don ba wanda ke son ta kwana a ofishinsu. Dije dai har yau ban faɗa mata ba, ku ma kada in ji.

Kabiru ya tarbe ni da wata riga mai kauri kamar katifa. Gidansu na katako ne, in ka taka sama na ƙasa ya ji. Ɗakina a ƙarƙashin ƙasa yake, na ce ikon Allah, mutum da ransa a sa shi cikin rami, amma fa ya fi ko'ina ɗumi. Unguwar shiru kamar an yi rasuwa. Kwana uku ban ji sallamar kowa ba. Maƙwabci zai fito ya ɗaga maka hannu daga nesa ya shige mota, ba ina kwana, ba ya iyali. Hadiza kuwa na iske an riga an yi aikin, an sami ɗa namiji, tana tafiya a duƙe. Na ce a nuna mani inda zan ɗora ruwan wanka. Ta ce, "Inna, likita ya hana, sai ɗinki ya warke." Kunun kanwa fa? Shi ma ya hana. Na ce to ni mi na tsallako teku in yi? Ta ce, "Ki riƙe mani wannan," ta nuna jikata.

Yarinya 'yar shekara uku, ƙafa kamar ta ɗan akuya, ba ta minti ɗaya wuri guda. Kun san sunan da aka sa mata, kun kuma san ba na faɗinsa. Sunan 'yar farina ne, yayar Hadiza da ba ta taɓa gani ba. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mashi wasa gaban mutane, haka muka taso. Sai na riƙa ce wa jikar Ƙawa. Ita kuwa ko a jikinta. In ce "Ƙawa, zo," ta ci gaba da abin da take. In ce "ke yarinya," kamar da bango nake. Can ba a yi wa yaro laƙabi, sunanta na yanka kaɗai ta sani, shi kaɗai take juyowa in an kira.

Washegari da hantsi na buɗe ƙofar baya don in sha iska, sai na tsaya cak. Wani abu ne a tsakiyar filin bayan gidan kamar ƙaton rumbu marar jinka, zagayayye, bangonsa na kwano, tsayinsa ya kawo mani ƙirji, faɗinsa ya kai ɗakin nan nawa. Cike yake taf da ruwa. Daga ƙofar kicin akwai dakalin katako da ya tafi har bakinsa, da 'yar ƙofa mai sakata a tsakani, ta ɗaya gefen kuma ga tsani. Hadiza ta ce wurin wanka ne na lokacin zafi, da shi suka sayi gidan. Ganye ya zuba a kai, ruwan ya fara yin kore. Ni ban ga wurin wanka ba, kududdufi na gani.

Waɗanda ba su daɗe a unguwar nan ba ba su sani ba, bari in faɗa. Kududdufin nan na bayan gidajenmu, inda ake ɗibar ƙasar gini, shi ya ci 'yar farina. Shekararta uku. Ina daka, na ɗaga kai ban gan ta ba, na ce tana maƙwabta. Ban fita ina kiranta ba, da wane baki? Sai na aiki yara su dubo. Da aka kawo ta tsofaffi suka ce in yi haƙuri, kada in yi kuka a gan ni, 'yar fari ce. Na haɗiye. Shekara talatin da biyar ke nan ina zagayawa ta bakin masallaci in zan je kasuwa, don kada in bi ta wurin.

To ga ni a wata duniya, ga yarinya mai shekarunta mai sunanta, ga ruwa a bayan gida, uwar kuma ba ta iya ko sauri balle gudu. Na ce wa Hadiza a kwashe ruwan nan. Ta ce ai dama ana rufe shi kafin sanyi ya shigo, akwai masu zuwa su yi, Kabiru zai kira su. Kabiru ma'aikacin asibiti ne, ya fita tun duhu ya dawo a gajiye, ga kunyar surukuta, ba na iya tsare shi da magana. Sai in aika Hadiza. Amsa ɗaya ce kullum, za a yi, masu yin ne aiki ya yi masu yawa, sun ce sai wani watan. Ni kuwa kwanakina ƙidayayyu ne, ranar komawata na rubuce a takarda.

Rannan ina wanke-wanke, na hango Ƙawa ta taga. Ta jawo 'yar kujerarta har bakin ƙofar dakalin, ta hau, ta sa yatsa ta ɗage sakatar, tsaf kamar babba. Na fita da kumfa a hannu na sunkuto ta, tana ta shure-shure. A ranar na ce wallahi ba zan bar ƙasar nan ruwan nan na buɗe ba, ko da cokali ne sai na kwashe shi.

Da gari ya waye Kabiru ya tafi aiki, Hadiza ta samu barci ita da jariri. Na ɗaure 'yar ƙofar da igiya, na ɗauko tiyon ban ruwan fulawa. Kun ga yadda masu sayar da fetur a bakin titi ke zuƙo mai daga jarka? Haka na yi. Na tsoma kai ɗaya ciki, na zuƙi ɗayan, ruwa mai warin magani ya cika mani baki, na tofar, ya kama zuba.

Nan ne na yi wautar. Ina tsaye ina kallon ruwa na malala a ciyawa sai zuciyata ta ƙi. Ni da na taso a Ƙofa ina tafiya rijiya da tulu tun rana ba ta fito ba, ni da ke leƙen ɗan garuwa a bakin zaure duk bazara, in tsaya in ga ruwa mai yawan nan na bin ƙasa? Na ce ko wanki an yi da shi, ko a wanke mota. Na shiga gida na kwaso duk abin da ke riƙe ruwa. Bokitai, bahon wankan jariri, manyan tukwane, kular biki, har wata doguwar robar shara da na wanke tas. Na jera su a ciyawa ina cikawa ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin kaina, ina cewa Turawan nan ba su san darajar ruwa ba. Ƙawa na biye da ni da 'yar ƙwallonta, ni kuwa hankalina kwance tunda na ɗaure ƙofa.

Tiyon ya tsaya, na zagaya bayan rumbun in gyara shi. Ban fi minti biyu ba. Da na ɗago kai na hango ta ta saman bangon, can ɗaya gefen. Ta kife wani daro ta hau, ƙwallonta na yawo a cikin doguwar robar nan da na cika har baki. Cikinta na kan bakin robar, hannu na miƙe, ƙafa ɗaya ta riga ta bar daron. Tsakanina da ita akwai rumbun nan gaba ɗaya, ga gwiwata da kuka sani.

Na ce, "Ke!" Ba ta juyo ba. Na ce, "Ƙawa!" Ɗaya ƙafar ta tashi.

"Sa'adatu!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Ta ɗago kai firgigit ta waiwayo, nauyinta ya dawo baya, daron ya goce, ta faɗo zaune a ciyawa ta fasa kuka. Na iso ban san da wace ƙafa ba, na rungume ta, na ture robar da ƙafa, ruwan ya malale mana a jiki. Ina ta faɗin sunan, na kasa bari. Kukan da aka hana ni shekara talatin da biyar, a bayan gidan Hadiza na yi shi, zaune cikin caɓi.

Ihun ya fito da maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Baturiya da kullum nake gani tana share ganye. Sunanta Magaret, ni Magajiya nake ce mata, ta kuma amsa. Mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gida, tana da irin rumbun a bayan nata gidan. Ta shigo ta ƙofar shinge, ta dubi yarinya, ta dubi bokitaina da ke jere. Ta kama kifar da su ɗaya bayan ɗaya. Na tashi na taya ta. Da hannuna na zubar da ruwan da ya ishi gidan nan sati guda, ban ji komi ba.

Da muka gama ta yi mani magana a hankali yadda zan gane. Ta ce ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ma yana cin yaro in kansa ya shiga. Na ce na sani, na fi ta sani, amma yau na manta. Ina son toshe kududdufi ɗaya na haƙa sama da goma. Sannan ta zare tiyona daga rumbun ta ce ba a kwashe shi duka. Bangon siriri ne, ruwan ne ke tokare da shi, in babu ruwa iska za ta lanƙwasa shi, ledar da aka shimfiɗa ciki ta tsuke ta yage. Rage shi ake yi kaɗan, a cire injin da ke tace ruwan, a rufe. Ta ce an faɗa a labarai ranar Lahadi ruwa zai fara daskarewa, in ba a cire injin da bututan ba duk za su fashe. Wannan kam na gane shi nan take. Ni da ke sayar da zoɓo, na san abin da ke samun gorar da aka cika taf aka manta a firiza.

Na ce, "Magajiya, ke wa ke rufe maki naki?" Ta ce ita da kanta, tun da mijinta ya rasu. Na ce to ki koya mani.

Da Kabiru ya dawo da la'asar ban aiki kowa ba. Na iske shi a falo na zauna gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Ya zame daga kujera ya durƙusa. Na ce, "Kabiru, yau saura ƙiris in kashe maka ɗiya da hannuna. Jibi Asabar za a rufe ruwan nan. In kana nan mu yi tare, in ba ka nan ni da tsohuwar nan mun isa." Kansa na ƙasa ya ce, "Mama, laifina ne. Zan nemi wanda zai riƙe mani aiki."

Asabar ta zo da iska mai yanka fuska. Na sa rigar katifar nan a kan zanena, da safa biyu, da hular Kabiru a kan ɗankwali, Hadiza na leƙe ta taga tana dariya tana riƙe ciki. Yarinyar na ɗaki an kulle. Magajiya ce shugaba, tana nuni da yatsa, ni da Kabiru 'yan aiki. Muka fara kwashe ganyen da wata raga mai doguwar sanda, na goge bangon ciki da burushi har kafaɗata ta riƙe. Ta auna magani ta zuba don kada ruwan ya ruɓe kafin zafi ya dawo. Akwai wata 'yar taga a jikin bangon inda ruwa ke bi ya tafi inji, ta ce sai ruwan ya sauka ƙasa da ita kamar taƙi guda. Ashe aikina na rannan ya kusa kai shi, kaɗan muka ƙara. Na ce to ko banza wautata ta yi rana.

Kabiru ya kwance bututai ya zazzage su, ya buɗe ƙasan injin ruwa ya tsiyaye, muka ɗauke shi mu biyu zuwa ɗakin ajiya. Saura toshe ramin da ruwa ke dawowa, da wani marfin roba da ake murzawa daga ciki. Kabiru ya miƙa hannu, sanyi ya kama yatsunsa, marfin ya suɓuce ya nutse har ƙasa. Ya ce bari ya je kanti ya sayo wani. Na ce ba inda za ka, in ka fita sai a kira ka asibiti. Na amshi ragar na hau tsani ina lalube. Na kamo ya zille, na kamo ya zille, ya fi sau goma. Da na fiddo shi na naɗe hannun riga na zura hannu na murza shi da kaina. Talatu, kunne dai bai cire ba, amma yatsun nan sai da aka jiƙa mani su a ruwan ɗumi kafin na san nawa ne.

Sai Magajiya ta kawo wani ƙaton matashi na leda aka hura mashi iska, aka ɗaure shi da igiya ya tsaya a tsakiyar ruwan. Ta ce in ƙanƙara ta kumbura shi za ta matsa, ta bar bangon. Daga nan sai tamfol. Nan aka yi dambe. Mun ware shi ke nan iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga, ta fizge gefen Kabiru, ta fizge na Magajiya. Ni na ƙi saki. Ta ja ni taku biyar har na dangana da shinge, hula ta tafi gidan wani, ina riƙe. Kabiru na cewa, "Mama, ki saki!" Na ce in saki ya tafi ina? Suka zo suka kama, muka ja shi bisa rumbun, ni na kwanta da ƙirji a gefe ɗaya na danne, Kabiru na zura waya a hujojin bakinsa. Ya zagaye rumbun da ita, ya ɗaure ta tamau da wani ɗan ƙarfe mai juyawa har tamfol ya kama jikin bango.

Na ja numfashi na ce alhamdu lillahi, an gama. Magajiya ta girgiza kai. Ta ce tamfol na ganye ne da datti, ba ya tsare yaro, ruwan sama ma na taruwa a kansa sai an riƙa janyewa. Abin da ke tsare yaro shi ne ya rasa hanyar zuwa. Muka cire tsanin aka kai ɗakin ajiya. 'Yar ƙofar dakalin kuwa na sauka ɗakina na ciro kwaɗon jakata, wanda na saya a kasuwar Kankia, na datse ta da shi, na ɗaure makullin a haɓar zanena. Da dare ya yi kusa na tuƙa tuwo da miyar kuka na aika wa Magajiya. Ta dawo da kwanon a wanke, ta ce miyar ta yi daɗi amma mi ke wari haka? Na ce abin da ya gagari ma'aikatan ƙasarku ne.

Ranar Lahadi da safe na leƙa, ɗan ruwan da ya kwanta a daron nan ya zama dutse. Hajiya Rabi, ƙanƙarar sama ma na gan ta kafin in taho, kamar ana sheƙar audugar rimi, ba ta da ƙara.

Ana gobe zan taso Hadiza ta sauko ɗakina tana taya ni haɗa kaya. Na kwance makullin na sa mata a hannu. Ta juya shi ta juya, sannan ta ce, "Inna, rannan ihunki ne ya tashe ni. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Wace iri ce ita?" Ba wanda ya taɓa yi mani tambayar nan. Na zauna bakin gado na faɗa mata, yadda take son ƙosai, yadda take ce wa akuya mota, da wushiryarta. Ƙawa ta shigo tana jan mayafina, na kira ta da sunanta, ta hau cinyata ta zauna.

Na sauka Kano, na iso Kankia, na kwana biyu ina amsa sannu da zuwa. A rana ta uku da zan je kasuwa ban bi ta masallaci ba. Na miƙe ta baya. Kududdufin yana nan yadda na bar shi, ya ma ƙara faɗi, ruwan damina bai janye ba. Ba shinge, ba komi. Hanyar 'yan makaranta ta bi ta bakinsa, a cikin laka kuma ga sawun ƙananan ƙafafu har gab da ruwa. Na tsaya na daɗe. Na ce na je ƙasar wasu na yi dambe da iska don jika ɗaya, ga na unguwarmu a buɗe, jikokinku na wasa a bakinsa kullum.

Na je wurin mai unguwa, ya amince. Yaya Sale zai aiko da itacen dirka daga Ƙofa, maza za su haƙa su kafa. Mu namu ƙaya ne da kara da igiya, sai ƙofa ɗaya ta masu ɗibar ƙasa, na riga na sayo kwaɗonta. Roƙon ke nan. Gobe da hantsi, in yara sun tafi makaranta, kowa ta fito da lauje ko gatari, marar ƙarfi ta zo ta riƙe igiya.

Hajiya Rabi, daina share ido da mayafi. Ke kika ɗauko 'yar farina daga hannun maza kika shigo mani da ita rannan, ke za ki riƙe mani dirkar farko. In wani ya tsaya ya tambaye ku shingen mi ake yi, ku ce na Sa'adatu ne, 'yar farin Malama Binta. Ni ma in an tambaye ni haka zan ce.